Tambaya da Amsa: Gefen zanena na fita kamar haƙoran zarto

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka shigo mini wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi, mutum ya raba dare yana zane a kwamfuta ko a salula abu ya yi kyau sumul, amma da ya fitar da shi ya zama hoto sai gefen rubutu da gefen tambari su fito da tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Na ɗauko guda 5, ta farkon ce zan daɗe a kanta don in an gane ta sauran ba su da wuya.

Tambaya daga wani matashi a Sabon Gari, Damagaram:

Salam Malam, ina wuni, ya aiki ya haƙuri da mu. Don Allah ina da matsalar da ta hana ni barci. Ina ɗan taɓa zane da CorelDRAW, to kawuna yana da shago a kasuwar Dole sai ya ce in yi mashi bandarol mita 3 a tsawo mita 1 a faɗi, da sunan shagon da tambari mai zagaye. Wallahi a cikin kwamfuta ko na yi zum har ƙarshe layin sumul yake kamar an ja da reza, na fitar da shi JPEG na tura ma mai bugawa ta WhatsApp, da muka je ɗauka sai ga haruffan duk gefensu matakala-matakala, zagayen tambarin kam kamar ɓera ya gaigaye. Jika 15 kawu ya biya kuma bai ce mini uffan ba, shirun nan ya fi yi mini ciwo. Mai bugawa ya ce ba injinsa ba ne, ni kuma na ce ai a wajena lafiya lau yake. To laifin wa ne Malam, kuma yaya zan yi kar a kuma?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya huci zuciyar kawu, kai ma kar ka karaya, duk wanda ka gani yana wannan sana'ar ya taɓa ɓata bandarol ko kati. Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, injin ya buga abin da aka ba shi ne, kai ma abin da ka zana lafiyarsa ƙalau. A hanya aikin ya lalace, kuma a wuri biyu, lokacin da ka mai da shi JPEG da lokacin da WhatsApp ya karɓe shi.

Zane a kwamfuta iri 2 ne. Na farko shi ne wanda CorelDRAW da Illustrator da Inkscape suke yi, wanda masu aikin ke ce ma bektoriyel, ni ina kiransa zanen lissafi. Da ka ja zagayen nan kwamfuta ba hotonsa ta ajiye ba, awonsa ta ajiye, ga tsakiya, ga nisan baki, ga launin da za a cika shi da shi. Kamar mai ginin rumbu ne da zai kafa turke ya ɗaura igiya ya zagaya yana shata ƙasa, in ana son babban rumbu igiyar kawai zai ƙara ma tsawo, zagayen nan dai sumul zai fito. Shi ya sa ko ka yi zum har ƙarshe ba ka ganin haƙori, duk lokacin da ka matsa kwamfutar sake shata layin take yi daga awo.

Na biyu shi ne hoto irin JPEG da PNG da duk abin da kyamara ta ɗauka. Shi wannan 'yan ƙananan murabba'ai ne aka jera layi-layi, kowane da launinsa guda ɗaya tak, su ake kira fiksel. Ɗauko tabarmar kaba mai ado ka kawo ta kusa da idonka ka dubi inda zanen ya karkace, za ka ga ba a miƙe yake tafiya ba, hawa-hawa yake yi kamar matakalar bene, saboda mai saƙa ba shi da wata hanya sai ya bi gidajen saƙar ɗaya bayan ɗaya. In ka shimfiɗa ta ka koma bakin zaure sai ka ga layin ya miƙe. In kabar siririya ce gidajen su yi ƙanana hawan ya ɓace ma ido, in mai faɗi ce ko daga nesa kana ganinsa. To duk ranar da ka fitar da zanen lissafi ya zama JPEG, ka mai da zagayen igiya ya zama saƙar tabarma kenan, kuma yawan gidajen da ka zaɓa a ranar shi ke nan, ba su ƙaruwa daga baya.

Yanzu mu yi lissafin naka. WhatsApp in ka tura hoto ta hanyar da kowa ya saba, yana rage shi ya dawo wajen fiksel 1600 a dogon gefensa, ko da kai ka fitar da babba. Bandarol ɗinka mita 3 ne, wato milimita 3000. Raba 3000 gida 1600, kowane fiksel ya kusan milimita 2 kenan a kan leda, girman ƙwayar gero, wanda ya tsaya gaban shago dole ya gan shi. Masu bugawa suna auna wannan da dpi, ko ppp in manhajarka ta Faransanci ce, ma'ana fiksel nawa ne a cikin inci guda, inci kuma santimita 2.54 ne. Naka bai kai 14 ba. Abin da ake riƙewa a hannu kamar katin biki ko littafi 300 ake so, bandarol da ake kallo daga ɗan nesa 72 zuwa 100 ya wadatar. A kan 100, mita 3 da mita 1 zai ba ka fiksel 11811 da 3937, sama da miliyan 46 jimilla, wanda ya isa hannun mai bugawa kuwa ko miliyan 1 bai cika ba. Ka ga an ɗauki abin da bai kai kashi 1 cikin 50 ba an ce ya rufe wuri ɗaya.

Shi kanshi JPEG ɗin yana da nashi halin. Tun 1992 aka fito da shi kuma don hotunan kyamara aka yi shi, fuskar mutum, gari, itatuwa, inda launi ke narkewa cikin launi. Yana yanka hoto gida-gida, fiksel 8 da 8, ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba don fayil ya yi sauƙi. A fuskar mutum ba ka ganewa, amma a bakin baƙin harafi kan farin wuri sai ka ga wata ƙura-ƙura ta kewaye shi. Kuma duk sake ajiyewa sake zubarwa ne, kai ka matse shi sau ɗaya, WhatsApp ya ƙara matsewa.

Akwai kuma wani ɗan akwati da ake dannawa wajen fitarwa wanda da yawa ba su kula shi. A CorelDRAW na Faransanci za ka ga kalmar Anticrénelage, a Photoshop da Illustrator kuma Lissage, in ta Turanci ce Anti-aliasing. Aikinsa aikin yaɓe ne. Dubi tsofaffin gidajen Birni masu ado a fuska, ai da tubali aka ɗora su amma ba ka ganin gaɓar tubali, magini ya bi da yaɓe ya cike lungunan. Haka wannan akwatin yake yi, in baƙin harafi ne kan fari sai ya zuba fiksel masu ruwan toka a lungun kowace matakala, wani mai duhu wani mai haske, ido ya haɗa su ya ga layi sumul. In ba ka danna shi ba kowane fiksel ko baƙi ƙirin ko fari fat, haƙoran su fito tsirara. Amma fa yaɓe ba ya gyara ginin da tubalinsa ya yi girma fiye da kima, in fiksel ɗin ya kai ƙwayar gero abin da za ka samu kawai dishi-dishi ne maimakon haƙori.

To ga yadda za ka yi nan gaba. Abin da na fi so maka shi ne kar ma ka mai da shi hoto. Ka ajiye uwar aikin daban, ka yi kwafi, a cikin kwafin ka zaɓi komai ka danna Ctrl da Q don rubutun ya koma zane, saboda in mai bugawa ba shi da irin haruffan da ka sa kwamfutarsa za ta musanya su da wasu, amma ka tuna bayan nan ba ka iya gyara kalma shi ya sa na ce kwafi. Sannan ka fitar da shi PDF, ka zaɓi tsarin bugawa wanda aka rubuta Prépresse ba na intanet ba. PDF yana ɗauke da awon nan na turke da igiya har cikin injin, ko mita 10 za a buga layin ba ya karyewa. Sai dai ba tsafi ba ne, in ka saka ƙaramin hoto a cikin zanen, misali hoton buhun shinkafa da ka sauko da shi daga Facebook, PDF zai kai shi ne yadda ka ba shi, rubutu ya fita sumul buhun ya fita da haƙora.

In mai bugawa ya kafe sai JPEG, to ka sa shafin a kan girmansa na gaskiya tun farko, santimita 300 da 100, ka fitar a kan 100, akwatin yaɓe a danne, inganci a ƙarshen sama. Kwamfutar za ta ɗan yi nishi, ka yi haƙuri da ita. Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa ka buɗe ƙaramin hoton ka goge 72 ka rubuta 300 shi ke nan ya gyaru, lambar kawai ka canza, ko dai hoton ya ƙanƙance a takarda ko kwamfuta ta ƙirƙiro fiksel na cike gurbi ya fito kamar an shafa mashi mai.

Wajen kaiwa kuma, ka sa a kile, wato USB, ka hau kabu-kabu ka kai da kanka in da hali. In dole sai WhatsApp, danna alamar maƙala ka zaɓi Document, ta nan ba ya taɓa fayil ɗin, yadda ka tura haka zai sauka. Zai ci maka forfe fiye da da, amma ina forfe ina jika 15. Maɓallin HD da suka ƙara a 2023 ya fi na da kyau, sai dai shi ma yana matsewa, ban yarda da shi ba ga aikin bugawa.

Bara na tsaya a wani wurin bugawa nan cikin gari ina jiran nawa aikin, sai ga wani dattijo ya kawo sanarwar walimar saukar karatu a salula. Yaron da ke kan kwamfuta ya buɗe, ya kai hoton girman da za a buga, ya juyo da fuskar kwamfutar ya ce Baba dubi yadda sunan makarantar zai fito, ya nuna mashi harafin farko da ɗan yatsa, duk gefensa hawa-hawa. Dattijon ya gyara tabarau ya duba ya ce a dakata, ya kira wanda ya yi zanen a take. Minti biyu abin ya ɗauka. Shi ya sa a ganina mai bugawarka ma yana da nashi kason, wanda ya buɗe fayil ya ga 1600 za a ja shi mita 3 ya kamata ya ɗaga waya kafin ya saki leda. Kai kuma daga yau ka roƙe shi ya buga maka harafi ɗaya a girmansa na gaskiya kan takardar A4 kafin a buga duka. Ka koma wajen kawu da wannan takardar a hannu ka nuna mashi bambancin, na tabbata zai sake ba ka aiki.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Birni:

Malam barka da rana, ya iyali. Ni ina sayar da turaren wuta da humra kuma ina yi ma 'yan'uwa katin gayyatar biki da suna, duk a salula nake yi da PixelLab wani lokaci Canva. Matsalata biyu ce, in na cire bayan hoton kwalba na ɗora ta kan baƙin wuri sai in ga wani farin zare ya zagaye ta kuma bakin duk a ciccije, sannan jan rubutu in na sa a status sai ya yi kamar ya jiƙe alhali fari da ruwan gwal lafiya lau suke fita. Ko salular ce ta tsufa?

Amsa:

Barka kadai Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ba salular ba ce, ki bar kuɗinki a jaka.

Kafin in zo kan kwalbar bari in tambaye ki, yaya kike fitar da aikin in kin gama? Na tambaya ne don na ga mata da yawa masu wannan sana'ar suna ɗaukar hoton fuskar waya su yanke gefe su tura. In haka kike yi to ki daina yau, hoton fuskar waya iyakarsa fiksel ɗin gilashin wayar, wata ma 720 ne faɗinta, kuma katin bai cika gilashin ba balle. A PixelLab wajen ajiye hoto akwai inda ake zaɓen girma, ki kai shi Ultra, ki zaɓi PNG. Kuma tun kafin ki sa harafi ɗaya ki gyara girman shafin, na status 1080 da 1920, katin da za a buga rabin takardar A4 kuma 1748 da 2480. A Canva na kyauta ba a ba ki damar ƙara girma wajen saukewa, don haka tun wajen buɗe sabon aiki za ki rubuta girman da kanki, in bugawa za a yi kuma ki sauke PDF na bugawa, shi kyauta ne.

Farin zaren nan kuwa ragowar bangon da kika ɗauki hoton a gabansa ne. Fiksel ɗin da ke daidai bakin kwalba ba na kwalba ba ne zalla ba kuma na bango ba ne zalla, gauraye suke, rabi launin humra rabi farin bango. Da kika cire bayan sai suka maƙale a jikin kwalbar, kan farin wuri ba a ganinsu, kan baƙi kuwa sai su yi ta haske. Maganin ya fara tun daga ɗaukar hoton, in kin san kan duhu za ki ɗora to ki shimfiɗa mayafi mai duhu marar ado a bayanta, ki ɗauka da safe a inuwar tsakar gida inda haske ya wadata ba rana tsaka ba, ki matso kusa kwalbar ta cika hoton. Ki yanke daga wannan babban hoton na asali, ba wanda ya je WhatsApp ya dawo ba. In kin yanke ki yi zum sosai ki bi bakin da magogi mai laushin baki ki ɗan ci fiksel 1 ko 2 zuwa ciki, sannan ki rage girmanta a kan katin. Ragewa tana ɓoye haƙora, ƙarawa tana tona su, don haka kullum ki fara da babba. Abin da kika yanke kuma PNG za ki ajiye shi, shi ne yake iya riƙe gefe mai shara-shara har hawa 256 daga wanda ake gani sarai zuwa wanda ba a gani sam, JPEG bai san wannan ba, cike miki bayan zai yi da launi.

Maganar ja, idonki ya gani daidai kuma ba kowa ke lura ba. JPEG yana ajiye haske da duhun hoto cikakke amma launi yakan rage shi rabi a tsaye rabi a kwance, saboda idon ɗan Adam ya fi kula da haske a kan launi. Farin rubutu kan baƙi bambancin haskensu babba ne sai bakin ya fita tsaf. Ja kan baƙi ko ja kan shuɗi kuwa haskensu ya yi kusa, launin ne kaɗai ya raba su, shi ne kuma aka rage, sai bakin ya jiƙe. Ko PNG kika ɗora status zai sake matse shi, wannan ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne ki zagaye jan rubutun da siririn layi fari ko ruwan gwal, ko ki ɗora shi kan wuri mai haske, kuma ki zaɓi haruffa masu kauri. Bisimillar da ake sawa a saman kati da siririn rubutun Larabci mai lanƙwasa ita ce ta fi saurin lalacewa, ki ƙara mata girma fiye da yadda kika saba.

Tambaya daga wani ɗalibi a jami'ar André Salifou:

Malam ina gaisuwa. Ina haɗa bangon kundin kammala karatuna a Word, na sauko da tambari daga Google na ja shi ya kai santimita 5, da aka buga rubutun cikinsa ba ya ma karantuwa. Abokina ya ce akwai manhajar AI da ke gyara hoto, in gwada?

Amsa:

Ina amsawa ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar kare kundin. Abu na farko da nake zargi, ɗan ƙaramin hoton da Google ke nunawa a jerin sakamako ka ajiye ba ka shiga ka buɗe na ainihin ba, waɗannan sau da yawa ba su wuce fiksel 200 zuwa 300. Mai 200 in za a buga shi da kyau iyakarsa santimita 1.7, kai kuma 5 kake so, wanda ke buƙatar wajen 590. Danna dama a kan fayil ɗin ka duba bayaninsa za ka ga lambar da idonka.

Manhajojin nan na AI ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cinta suke yi. A hoton fuska cintar takan yi kyau, a ƙananan haruffa kuwa sai su lanƙwasa maka su ko su haifar da harafin da babu shi, kuma tambarin makaranta ba abin da za a bar ma cinta ba ne. Akwai kuma hanyar sa manhaja ta bi sawun hoto ta mai da shi zanen lissafi, CorelDRAW na da PowerTRACE, Inkscape ma da yake kyauta tun 2003 yana yi, amma in hoton ƙarami ne haƙoran za ta bi ɗaya bayan ɗaya ta ba ka zagaye mai karkarwa. Ni shawarata ka je ofishin sashenku ko wajen waɗanda suka gama kafin ku ka roƙi tambarin mai kyau, PNG babba ko PDF, ya fi sauri kuma shi ne sahihi. In ka saka shi a Word ka ja daga kusurwa ba daga gefe ba, kuma ka shiga zaɓuɓɓukan Word ka hana shi matse hotuna don yakan rage su zuwa 220 da kanshi, sannan ka kai ma mai bugawa PDF.

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoto a Zango:

Malam ni a Photoshop nake, shafina 300 ne amma rubutu na fita da haƙora tun ina cikin aikin. Me na taɓa?

Amsa:

Maigida fara danna Ctrl da 1 ka kalli aikin a kan 100 cikin 100. A zum irin 33 ko 66 da ɗigo, musamman a tsohuwar kwamfuta, Photoshop yakan nuna haƙoran da babu su a cikin fayil. In a 100 ma suna nan to zaɓi rubutun ka dubi sama inda aka zana harafin "a" ƙanana guda biyu, nan ne wurin gyaran gefen rubutu, wataƙila yana kan Sans, mai da shi Net ko Lisse. In wurin ya ƙi taɓuwa ko duk hoton ne ya yi tsini, duba yanayin launi, mai yiwuwa hoton da ka fara aikin a kansa GIF ne ko PNG-8, waɗannan launi 256 kawai suke ɗauka kuma gefensu ko a gani ko kar a gani ne babu tsaka-tsaki, mai da shi RVB, wato yanayin cikakken launi da ake ce ma RGB a Turanci, kafin ka ci gaba, wajen fitarwa ma ka zaɓi PNG-24. Tambarin da za ka riƙa ragewa kana ƙarawa kuma ka mai da shi Objet dynamique tun farko, wato tsarin da Photoshop ke adana asalin hoton a ciki, in ba haka ba ranar da ka rage shi fiksel ɗin sun tafi, in ka sake ja sai haƙora.

Tambaya daga wani mai yin hatimi da buga riguna a Garin Malam:

Malam ka taɓa cewa a riƙa danna akwatin gyaran gefe, to ni da na danna hatimin da na yi ya fito bakinsa da burtsatse, kuma injin yankan leda na riguna yana ta tsattsayawa a kan tambarin da aka turo mini. Ina gyaran yake?

Amsa:

Sannu da aiki Alhaji, na gode da ka kawo wannan don naka daban yake da na sauran. Hatimi bai san ruwan toka ba, wuri ko ya taɓa tawada ko bai taɓa ba. In ka ba inji gefe mai ruwan toka sai ya farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo don ya kwaikwayi tokar, ɗigon nan ne burtsatsen da ka gani. A aikinka ka cire akwatin, ka yi baƙi da fari zalla, ka rama da yawan fiksel, 600 ko ma 1200, hatimi mai santimita 4 a kan 1200 zai kai fiksel 1890, matakalar tana nan amma ta yi ƙanƙantar da ko tawada ba ta gane ta. In injinka na karɓar zanen lissafi kai tsaye ya fi duka.

Injin yanka kuwa wuƙa ce ke bin layi, hoto kuma ba shi da layin da za a bi, shi ya sa dole a sa manhaja ta bi sawu. In tambarin da aka turo ƙarami ne mai haƙora, za ta dasa ƙulli, wato ɗigon da ke riƙe layi inda yake juyawa, a kan kowane haƙori, zagayen da ƙulli 4 ya ishe shi sai ka tarar da ɗaruruwa, wuƙar ta riƙa tsayawa tana juyawa a kan kowane. Danna F10 a CorelDRAW ka taɓa zanen za ka gan su jere kamar tururuwa. Akwai wurin rage ƙulli a sandar sama, yana taimakawa, amma in tambarin zagaye ne da suna da 'yar alama, ka sa hoton a ƙasa ka kulle shi ka sake zanawa a kansa da hannunka, rubutun ka nemo haruffa masu kama ka sake bugawa. Ka faɗa ma mai aikin tun farko cewa sake zane kuɗinsa daban ne, in ka gama kuma ka ajiye fayil ɗin da sunansa don ranar da zai dawo neman riguna na biyu.